Yadda Ake Kula da Yaro Mai Zazzaɓi a Gida, da Sanin Lokacin Garzayawa Asibiti

Na shafe shekaru masu yawa ina aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa a cikin birnin Zariya, na kuma raini 'ya'ya da jikoki, saboda haka zazzaɓin yara ba baƙona ba ne, a wurin aiki ko a ɗakina. Kowace shekara daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya kwanta a lunguna kuma sauro ya samu wurin hayayyafa, bencinan jiranmu ba sa ɗaukar iyaye mata. Abin da ya fi ci mini rai a tsawon waɗannan shekaru ba rashin magani ba ne, jinkiri ne. Za a kawo yaro ya galabaita, tafin hannunsa fari fat, in tambayi uwar yaushe ya fara, ta sunkuyar da kai ta ce yau kwana huɗu ana ba shi na kemis. Wannan bayani na rubuta shi ne domin uwar da ke rainon ɗan fari, kuma ina roƙon maigida ma ya karanta, domin akwai rabonsa a ciki.

Kayan da ya kamata su kasance a ɗaki

Na farko shi ne ma'aunin zafin jiki mai batir, irin wanda ake sa wa a hammata ya yi ƙara idan ya gama. Ana samunsa a manyan shagunan magani na Sabon Gari, Tudun Wada da Samaru, kuma guda ɗaya yana iya yi wa gida shekaru. Sai farasitamol na ruwa, tare da ɗan kofin awo ko sirinji marar allura da ke zuwa da shi. Sai ƙullin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake kira ORS, kamar guda huɗu, da ƙwayar zinc. Ki tanadi agogo mai nuna daƙiƙa ko wayar hannu, tocila, ƙaramin tawul mai tsabta, littafi da biro, da katin rigakafin yaron, domin a jikinsa ake rubuta nauyinsa na ƙarshe, kuma da nauyi ake auna maganin yara ba da shekaru ba.

Duk maganin da za ki saya, ki duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar da zai lalace. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani maganin ruwa da ake ba jarirai don fitar haƙori, wanda aka haɗa da sinadari mai lalata ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara 84 a ƙasar nan. Maganin da aka ɗura a kwalbar da ba ta da suna, ko ƙwayoyin da aka ƙulla a leda aka ce haɗi ne, kada su shiga bakin ɗanki.

Akwai kuma wasu kaya biyu da ba a sayensu a kemis. Ɗaya shi ne lambar wayar mai Keke ko mai babur na unguwa wanda kuka yarda da shi, wanda zai fito ko da ƙarfe biyun dare ne, tare da ɗan kuɗin da aka ware ba a taɓawa. Ɗayan kuma izini ne. Maigida ya faɗa tun yaro yana lafiya, a gaban mahaifiyarsa ko wani babba na gidan, cewa duk ranar da jikin yaro ya rikice ba ya nan, an yarda a wuce asibiti ba sai an jira shi ba. Na ga yaran da awa shida na jiran dawowar uba daga kasuwa ko gona suka raba su da duniya, kuma babu uban da zai so a ce saboda shi ne.

Mataki na 1: Auna zafin, ki rubuta

Ki share hammatar yaron ta bushe, ki sa kan ma'aunin a tsakiyarta, ki manne hannunsa da jikinsa har sai ya yi ƙara. Idan ya nuna 37.5 ko sama da haka, zazzaɓi ne. Ki rubuta lambar da lokacin. Kuskuren da aka fi yi shi ne auna yaron da aka sauko da shi daga goyo yanzun nan, ko wanda aka lulluɓe da bargo; ki bar shi ya sha iska na ɗan lokaci tukuna. Idan babu ma'auni, ki taɓa cikinsa ko ƙirjinsa da bayan hannunki, ki kwatanta da jikin wani mai lafiya. Kada ki dogara da tafin hannu da ƙafa, domin sau da yawa sukan yi sanyi alhali jiki yana ci da wuta.

Mataki na 2: Dubi yaron, ba lambar kaɗai ba

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Zazzaɓi ba shi ne cutar ba, alama ce cewa jiki yana faɗa da wani abu, kuma tsananin zafin ba shi ke nuna tsananin cutar ba. Yaron da ma'auni ya nuna 39 amma yana kama nono, yana kallonki, yana ƙwace wayarki, ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ke da 38 amma ya langaɓe ba ya ko kuka.

Ki kunna tocila ki duba shi daga kai zuwa ƙafa. Idan kika ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, zancen kula a gida ya ƙare, sai ki tsallaka zuwa mataki na 8: ya ƙi kama nono ko shan komai, duk abin da ya shiga cikinsa yana dawowa, ya yi jijjiga, ko da sau ɗaya ne kuma ta wuce, barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, ko ba ya gane mutane, wuyansa ya sanƙare ba ya iya sunkuyar da kai, maɗigarsa ta kumbura ko ta faɗa sosai, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, idonsa ya yi rawaya irin na shawara, fitsarinsa ya yi baƙi-baƙi kamar ruwan shayi mai kauri, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko kuwa numfashinsa ya sauya.

Akwai yara iri uku da ba a jira a ga wata alama a jikinsu, zazzaɓin kaɗai ya isa dalilin tafiya. Jaririn da bai kai wata uku ba, musamman wanda ba a yi arba'in ba, domin cuta tana bin jininsa da sauri, kuma a wurinsa sanyin jiki fiye da kima ma alamar haɗari ce. Sai yaro mai sikila. Sai kuma wanda tamowa ta kama, ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura.

Yana da kyau ki riƙa tuna lokacin da ake ciki. Da damina da kaka zazzaɓin cizon sauro ne a gaba. Da hunturu mura da tari da ciwon haƙarƙari ke yawa. Daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, wato zafin Maris da Afrilu, lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, saboda haka zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da ƙin haske, ko zazzaɓi da jan ido da ƙuraje masu farowa daga bayan kunne, ba abin kwana da su ba ne a gida. Ƙyanda musamman, har yanzu akwai masu cewa ba a kai ta asibiti, a ɓoye yaro a ɗaki har ta gama fitowa. Wannan ɓoyon ne ke jawo makanta da ciwon huhu.

Mataki na 3: Ƙirga numfashi

Ki jira yaron ya natsu ko ya yi barci, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga sau nawa cikinsa ya taso a cikin minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50 ko fiye. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Idan lissafin ya haura, ki sake ƙirgawa don tabbatarwa, sannan a kai shi a duba ƙirjinsa a ranar. Idan kuwa ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko yana gurnani, ko leɓensa ya sauya launi, to a tafi nan take.

Mataki na 4: Sauke zafin

Ki rage masa kaya ya zauna da 'yar shimi, a buɗe taga. Lulluɓe mai zazzaɓi don ya yi gumi kuskure ne, ko da yana rawar sanyi mayafi marar nauyi ya isa.

Farasitamol ana ba da miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, bayan kowace awa shida, kuma ba a wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Yawancin na ruwa da ke kasuwa yana ɗauke da miligiram 120 ko 125 a cikin mililita 5, saboda haka yaro mai kilo 10 zai sha mililita 5. Amma ki karanta jikin kwalbar da ke hannunki, domin na jarirai da ake ɗigawa ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wanda ya auna shi da kofin wancan ya ba da abin da ya ninka wanda ya kamata sau da yawa. Cokalin cin abinci ba ma'auni ba ne. Idan na ruwa ya ƙare, ƙwayar manya mai miligiram 500 a raba ta huɗu, kashi ɗaya ya yi wa yaro mai kilo 10 zuwa 12, a murƙushe a ɗan ruwa.

Hattara da abu uku. Magungunan mura da tari da yawa akwai farasitamol a cikinsu, idan aka haɗa su da wannan sai ya taru ya illata hanta. Asfirin da dangoginsa na ciwon jikin manya ba na yara ba ne. Sannan saukar zafi bayan shan farasitamol ba warkewa ba ce. Wannan ruɗin ne ke cinye kwanakin da na ambata a farko.

Idan kina son shafa masa ruwa, ya zama mai ɗumi-ɗumi wanda gwiwar hannunki ba ta jin zafinsa ko sanyinsa, a goga da tawul a goshi, wuya da hammata. Ruwan randa ko na firji yana sa shi karkarwa ne zafin ya ƙaru. In ya nuna ba ya so, ki ƙyale shi.

Mataki na 5: Shayarwa

Zazzaɓi yana ƙone ruwan jiki. Mai shan nono a ƙara masa nono, kuma in bai kai wata shida ba nonon kaɗai ya ishe shi. Wanda ya girma a riƙa ba shi ruwa mai tsabta, kunu, koko ko romo kaɗan-kaɗan, kuma kada a hana shi abinci. Ɗura kuwa, wato a toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu, a bar ta gaba ɗaya, domin kunun yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu.

Idan akwai gudawa, ki juye ƙullin ORS guda a cikin lita ɗaya ta ruwa, wato ledar fiya wata biyu masu santilita 50, amma ki duba jikin ƙullin domin akwai na rabin lita. Bayan kowace gudawa, wanda bai kai shekara biyu ba ya sha mililita 50 zuwa 100, wanda ya wuce haka 100 zuwa 200, da cokali, sannu a hankali. In ya yi amai ki dakata minti goma ki ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni, wato ya cika awa 24, a zubar a haɗa sabo. Idan babu ƙullin, ki zuba sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokalin shayi, duka a shafe ba a tula ba, a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Ki ɗanɗana, in ya fi hawaye gishiri, ya yi yawa, ki zubar. Zinc kuma ana ba da miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba, ko da gudawar ta tsaya. Gudawar da ke da jini, ko wadda ta sa ido ya zurma kuma fatar ciki ta ƙi komawa idan an ja ta, ta asibiti ce.

Mataki na 6: Gwaji kafin magani, cikin awa 24

Ko da babu wata alamar haɗari, kada zazzaɓin yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya wuce kwana ɗaya ba a yi masa gwajin maleriya ba. Gwajin gaggawa ne, ana ɗan tsira yatsa a ɗiga jini, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito: layi biyu akwai, layi ɗaya babu. Ƙananan asibitocin unguwanni suna yi, kuma nan ya kamata a fara, ba sai an tafi asibitin koyarwa na Shika ba.

A nan ne nake yawan samun saɓani da iyaye. Idan gwaji ya nuna babu, sai ran uwa ya ɓaci, ta fita ta sayi maganin maleriya da kanta, ko a ce mata ai maleriya da taifot ne a haɗa mata duka biyu. Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Yana iya zama ciwon kunne, maƙogwaro, mafitsara, huhu, ko mura mai wucewa da kanta. Idan aka rufe ido aka ba da maganin maleriya, ainihin cutar tana nan tana ci. Haka kuma fitar haƙori ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai yawa, kuma belu ba shi da laifi. Kai yaro mai zazzaɓi wurin wanzami a cire masa belu ƙara masa zubar jini ne da buɗe wa wata cutar ƙofa. Yaron da ke karɓar maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida duk wata da damina shi ma a gwada shi, domin maganin yana rage haɗari ne, bai kawar da shi ba. Ki kuma gaya wa ma'aikaci idan yaron ya sha maganin maleriya a 'yan makonnin nan, saboda gwajin gaggawa kan ci gaba da nuna layi biyu bayan an warke.

Mataki na 7: Ba da maganin har ƙarshe

Idan gwaji ya tabbatar, maganin da aka fi bayarwa shi ne haɗin artemether da lumefantrine. Kulorokwin ya daina aiki yadda ya kamata, shi ya sa aka sauya shi tun wajen 2005. Ana shan wannan sau shida cikin kwana uku: na farko yanzu, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da yamma na kwana biyu. Yaro mai kilo 5 zuwa 14 yana shan ƙwaya ɗaya ta yara a kowane lokaci, mai kilo 15 zuwa 24 biyu. A ba shi bayan nono, madara ko abinci mai ɗan maiƙo, domin da maiƙo jiki ke karɓarsa. Idan ya amayar kafin rabin awa a sake ba shi, a kuma nemo cikon wanda ya zube. In ya sake amayarwa a koma asibiti, wataƙila sai da allura.

A rana ta biyu yaron zai tashi ya fara wasa, zuciyarki kuma za ta ce ki ajiye sauran don gaba ko don ƙaninsa. Kada ki yi. Ragowar ƙwayoyin cutar da ba su mutu ba su ne za su dawo da shi bayan mako biyu. Kuma kada ki matsa a yi masa allura don kawai ana cewa ta fi ƙarfi, allura ta wanda ba ya iya sha ce ko wanda cutar ta yi wa tsanani.

A koma asibiti idan zafin bai sauka ba bayan kwana biyu zuwa uku da fara magani, ko wata alama ta mataki na 2 ta bayyana, ko zazzaɓin ya kai mako ana fama.

Mataki na 8: Idan jijjiga ta zo, da yadda ake tafiya

Babu abin da ke firgita gida kamar jijjiga, kuma a cikin firgicin ne ake yi wa yaro illar da ta fi ta cutar. Ki kwantar da shi a ƙasa a kan tabarma, a gefensa, ki kawar da abin da zai buge, ki sassauta masa riga, ki dubi agogo. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Ba zai haɗiye harshensa ba, amma cokali yana karya haƙori. Kada a ɗura masa manja, ruwa, rubutu ko wani jiƙo yana cikin wannan hali. Kada a kara ƙafarsa a wuta, kada a turara masa hayaƙi, kada a matsa masa albasa a ido. Na taɓa karɓar wata yarinya da jijjigarta ta tsaya cikin 'yan mintoci, maleriyarta ta warke cikin kwana uku, amma ƙunar da aka yi mata a tafin ƙafa sai da muka yi fiye da wata muna wankewa. Addu'a da tofi a yi su, amma a yi su a cikin Keke ana tafiya. Yawancin jijjigar zazzaɓi takan tsaya kafin minti biyar. Ko ta tsaya ko ba ta tsaya ba, asibiti za a nufa, a riƙe shi a gefensa a kan cinya.

Mai alamar haɗari wurin da ake kwantarwa, ake ƙarin jini da ƙarin ruwa yake bukata. Ga na cikin birni akwai Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, akwai babban asibitin gwamnati a Sabon Gari, akwai na Wusasa, sannan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, gaba da Samaru a hanyar Funtuwa. Daga cikin ganuwa zuwa Shika tafiya ce, saboda haka idan yaron yana jijjiga ko numfashi ya yi wuya, a fara tsayawa a mafi kusa, su ba da taimakon farko su rubuta takardar turawa. Wanda ke ƙauyen da ke nesa ya tambayi ma'aikacin lafiya na wurin ko akwai artesunate na matsawa ta dubura, wanda ake sa wa ƙananan yara don su kai babban asibiti. Riƙon ƙwarya ne, ba a komawa gida bayansa.

Ki ɗauki katin rigakafi, littafin da kika riƙa rubutu, da duk kwalabe da kwalayen abin da yaron ya sha, har da na gargajiya. A tafi da namiji babba mai lafiya wanda zai iya ba da jini idan an nema, domin neman mai bayarwa da tsakar dare yana cin lokacin da yaron ba shi da shi. Idan kun isa kada ki bi layin kati ki zauna shiru saboda kunya. Ki nufi ma'aikaciyar jinya ta farko da kika gani ki faɗi alamar da bakinki: ya yi jijjiga, ko ba ya shan komai, ko ba ya farkawa. Idan likita ya tambaya, ki faɗi ainihin ranar da zazzaɓin ya fara da duk abin da aka ba shi, ko da kina tsoron faɗa, domin da wannan bayanin ne zai san abin da zai ƙara da abin da zai guje wa. Kafin a sallame ku kuma, ki sa a nuna miki awon kowane magani a jikin kofin ko sirinjin da za ki yi amfani da shi a gida, ki maimaita a gabansu, a rubuta miki ranar dawowa a bayan katin.